Idon da kake saiti da shi, shi ne yake fara tafiya

Tun da aka gama girbi, mafarauta suka fara shiga daji, hankalina ba ya kwanciya a ɗakin duba ido. Sai ka ga an rako saurayi an naɗe masa fuska da rawani, kumatu duk ɗigon baƙin albarushi, gira ta ƙone. Kafin in kwance ƙyallen na san idon da abin ya shafa. Yawanci na dama ne, wanda ya buɗe ya yi saiti da shi. Bayan Sallah ma haka, idan 'yan bindiga sun gama rakiyar hawa. Yanzu kuma ga 'yan sa-kai masu sintirin dare, wasu da bindigar toka, wasu da ƙaramar bindiga ƙirar maƙera.

Wani ɗan sa-kai da ya kawo abokinsa ya tare ni a baranda, ya ce, "Likita, raba mana gardama. In za a harba ƙaramar bindiga, ido ɗaya ake kannewa ko duka biyun ake buɗewa?" Ya nuna min bidiyon Yusuf Dikec, ɗan Turkiyyan nan da ya ci lambar azurfa a gasar Olamfik ta Paris a 2024, hannu ɗaya a aljihu, idanu biyu a buɗe. Na ce masa, ƙanena, sake kallon fuskar mutumin. Bindigar iska ce a hannunsa, tazarar mita 10, a cikin zaure, babu albarushi, babu tartsatsi, amma duk da haka da tabarau a idonsa. Kai da kake riƙe da bututun ƙarfen da aka yi wa walda a bayan kasuwa, me ke fuskarka?

Babu komai. Ido tsirara. Wannan shi ne abin da yake ci min rai.

Gardamar tasu ba ta banza ba ce, zan amsa ta. Kowane mutum yana da idon da kansa ya fi dogara da shi, kamar yadda yake da hannun da ya fi amfani da shi, kuma ga mafi yawan mutane na dama ne. Kana iya ganewa yanzu: miƙa hannuwanka biyu, ka haɗa su ka bar 'yar kafa a tsakiya, ka leƙa wani abu mai nisa idanunka biyu a buɗe, sai ka rufe ɗaya bayan ɗaya. Idon da abin ya tsaya masa a cikin kafar, shi ne. Mai koyo yakan kanne ɗayan don kada abin ya zame masa biyu. Masu horar da jami'an tsaro da yawa kuma sun fi son a buɗe duka biyun, saboda wanda ya kanne ido ya toshe gefe guda na duniyarsa. Ba zai ga yaron da ya rugo daga hagu ba, ba zai ga abokin farautarsa da ya ɓullo daga bayan sabara ba. Ni a matsayina na wanda ake kawo wa waɗanda harbin kuskure ya samu, na fi son ka ga gefenka. Amma ko ɗaya ka buɗe ko biyu, idon da kake saiti da shi shi ne wanda ka fi dogara da shi a rayuwa, kuma shi ka kafa daidai bayan wuta.

Kada wanda ya ce min ai ya kanne ɗayan, ya tsira. Fatar ido ita ce mafi sirantar fata a jikin mutum. Ɓarɓashin ƙarfe yana ratsa ta kamar takarda.

Bindigar toka tana fesa wuta ta baya, wani lokaci bututun ma ya tsage, musamman in an cika mata ciki don ta yi ƙara a gaban jama'a. Libarba tana fitar da hayaƙi mai zafi da ɓarɓashi ta gefe. Fistol tana tofar da kwanson harsashi da zafinsa. Harsashi in ya bugi dutse ko ƙarfe yakan dawo. Ga kuma wanda bindiga za ta ƙi tashi, ya juyo bakinta, ya kanne ido ɗaya ya leƙa ciki. Subhanallahi! Albarushi yana iya jinkiri sannan ya kama. Na riƙe hannun uwar da ɗanta ya yi haka, ba na fatan in sake.

Maganin duk wannan tabarau ne na kariya, irin na roba mai tauri wanda ya rufe har gefe. Yana nan a shagunan kayan gini da na masu walda. Nemi fari garau wanda za ka iya gani da shi da dare, ka duba hannunsa ko gefensa, mai kyau yakan zo da alamar Z87. Ba tabaran gayu na gilashi ba, wannan in ya fashe ƙarin masifa ne. Kuɗinsa bai kai abin da za ka kashe a mota da kati da magani a ranar farko ta jinya ba.

Na gaji da jin uzuri. Wani ya ce yana yin hazo, to goge shi. Wani ya ce abokai za su yi masa dariya. Wani kuma ya buga ƙirji ya ce ya sha maganin ƙarfe. Baba, ina girmama furfurarka, amma waɗanda na wanke wa fuska, da yawansu da layu da guraye suka zo. Ka riƙe addu'arka, ka sa tabarau. Haba 'yan uwana! Kuna goge bindiga da mai, kuna naɗe ta da tsumma kada raɓa ta taɓa ta, ido kuwa da ba a sayar da shi a kasuwa kun bar shi tsirara?

Na san ba don wasa kuke fita ba. Wasunku garinsu suke tsarewa mu kwana lafiya, wasu abincin iyali suke nema, wasu gadon kakanni suke riƙe da shi. Shi ya sa abin yake min zafi. Mai ido ɗaya ba ya iya auna nisa kamar da, tuƙin babur da dare ya zama wahala. Wani lokaci ma ciwon idon da ya fashe yakan taɓa mai lafiyar bayan makonni ko watanni, ko da yake ba kasafai ba.

In tsautsayi ya faru:
- Kada a murza, kada a danna, kada a yi ƙoƙarin zaro abin da ya shige.
- Kada a ɗiga komai. Ba nono, ba zuma, ba kwalli, ba ruwan gishiri, ba maganin kemis.
- A yanke gindin kofin roba a kifa a kan idon, a manne da filasta, ba tare da ya taɓa ƙwayar ba.
- Kada ya ci abinci, mai yiwuwa a yi masa aiki.
- A tafi asibiti a ranar, ba gobe ba. In an tura ku Asibitin Ido na ECWA a Kano ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ku kama hanya.

Wanda ya riga ya rasa ido ɗaya kuwa, don Allah kada ya ƙara tsayawa kusa da mai harbi ba tabarau.

Roƙona na ƙarshe ga Sarkin Baka da Sarkin Bindiga da shugabannin 'yan sintiri ne. Maganarku ta fi tawa shiga kunnen yaran nan. Ran da za a fita, ku duba fuska kamar yadda kuke duba bindiga, wanda ya zo ido tsirara ya koma gida. Na ajiye tabarau ɗaya a durowar teburina, duk wanda bai gane irin da nake nufi ba ya shigo in nuna masa kafin ya je kasuwa.