Hanyoyin Kanel na Isar da Bayanan Mai Masauki ga Kwamfuta Baƙuwa

Kwamfuta baƙuwa ita ce kwamfutar kwaikwayo da ke aiki a cikin wata kwamfuta ta zahiri, ƙarƙashin kulawar manhajar da ake kira haifabaiza, wato mai masauki, wadda ke raba wa baƙi ƙwaƙwalwa da faifai da hanyar sadarwa. Xen, wanda ya fito daga Jami'ar Kambirij a 2003, da KVM, wanda ya shiga kanel ɗin Linux a 2007, suna cikin fitattun masu masaukin. Shi kuwa kanel shi ne ginshiƙin tsarin aikin kwamfuta, mai tsayawa tsakanin manhajoji da kayan na'ura. Da yake baƙuwa ba ta ganin abin da ke bayan bangon ɗakinta, dole a yi mata wurin karɓar saƙo, kamar zaure a gidajen birnin Zariya, inda baƙo ke zama a kawo masa abin da mai gida ya yarda ya fito da shi, ba tare da ya leƙa cikin gida ba.

Abu na farko da kanel ɗin baƙuwa ke nema shi ne sanin wanda ya saukar da shi. A na'urorin x86, wato masu sarrafa bayanai na kamfanonin Intel da AMD, yana amfani da umarnin CPUID a lamba 0x40000000, sai ya sami sa hannun mai masaukin, kamar KVMKVMKVM ko XenVMMXenVMM ko Microsoft Hv. Daga nan kowa ya kama gabansa: Xen na da ma'ajiyar XenStore da kundin /sys/hypervisor, Hyper-V na Microsoft na musayar suna da ƙima ta hanyar da ake kira KVP, VMware kuma na da guestinfo.

Misalin da ya fi bayyana yadda ake tsara irin wannan hanya shi ne fw_cfg na QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kayan na'ura ga baƙuwa, wadda ake yawan haɗawa da KVM. Asali an yi shi ne domin manhajar tayar da na'ura, irin su SeaBIOS, ta karanta bayanan tsarin na'urar, kamar jerin faifan da za a tashi daga kansu. A x86 ana rubuta lambar abin da ake so a ƙofa 0x510, a karanto amsar daga ƙofa 0x511. A 2016, cikin Linux 4.6, aka shigar da direban, wato sashen kanel mai magana da wannan hanya, da Gabriel Somlo ya rubuta, wanda ya shimfiɗa waɗannan bayanai a matsayin fayiloli a /sys/firmware/qemu_fw_cfg, an jera su bisa lamba a by_key da kuma bisa suna a by_name. A ce malami a wani ɗakin koyon kwamfuta a Samaru ya tayar wa ɗalibansa baƙi talatin daga kwafin faifai guda. Kowace tana bukatar sunanta da mabuɗin shigarta daban. Sai ya miƙa wa kowace nata fayil da sunan da ya fara da opt/, wanda shi ne wurin da aka ware wa masu amfani, ita kuma ta karanta shi tun kafin ta haɗu da kowace hanyar sadarwa, abin da ke da amfani ƙwarai idan intanet ɗin na yankewa.

Muhawarar masu tsara kanel ta fi zafi a kan abin da ba ya gyaruwa daga baya. Dokar sysfs, wato tsarin fayilolin da ke ƙarƙashin /sys, ita ce ƙima ɗaya a fayil ɗaya, a rubuce yadda mutum zai iya karantawa, alhali bayanan mai masauki sau da yawa dunƙule ne na lambobin na'ura, shi ya sa fw_cfg ya ware fayil mai suna raw, ya ajiye girma da suna da lamba a fayiloli daban. Bugu da ƙari, a Linux duk hanyar da manhajoji suka fara dogaro da ita ba a karya ta, don haka sunan fayil da aka zaɓa cikin gaggawa kan zama kaya a wuyan masu kula da kanel shekara da shekaru. Wannan ne ya sa hanya ƙarama, ta karantawa kawai, ta fi wadda aka cusa wa komai.

Akwai kuma batun amana. Fayil ɗin raw, root kaɗai ke karanta shi, wato mai cikakken iko a kan tsarin, domin mabuɗai kan bi ta ciki. A fasahohin AMD SEV da Intel TDX, inda ake ɓoye ƙwaƙwalwar baƙuwa daga mai masaukin kansa, kanel na ɗaukar duk abin da ya shigo ta zauren a matsayin abin zargi, sai ya tantance tsawonsa da sigarsa kafin ya yi aiki da shi.