Shaye-shaye a Gana: Taba, Barasa da Ƙwayoyi

Shaye-shaye a Gana ya kasu gida uku, kuma kowane gida da irin tafiyarsa. Shan taba sigari ya yi ƙasa sosai, har Gana ta shiga sahun ƙasashen Afirka da ba a cika zuƙar ta ba. Barasa ita ce aka fi sha a faɗin ƙasar, kaso mai yawa daga cikinta kuwa na gida ne wanda ba ya bi ta hannun hukuma. Ƙwayoyin rage zafin ciwo, tiramol da waɗanda suka biyo bayansa, su ne suka fi saurin yaɗuwa tun wajen 2017, musamman tsakanin samari masu aikin ƙarfi. A unguwannin zango, inda Hausawa da sauran Musulmi suka fi yawa, irin su Nima da Mamobi da Fadama da Sabon Zango a Akra, ko Aboabo da Asawase da Sawaba a Kumasi, wannan gida na uku ne ya fi tayar wa iyaye da malamai hankali.

Taba

Binciken da hukumomin lafiya na Gana suka yi tare da Hukumar Lafiya ta Duniya a 2023, kan masu shekara 18 zuwa 69, ya nuna kusan mutum 5 cikin 100 ne ke shan taba: maza wajen 9 cikin 100, mata ba su kai 1 ba. Mashayan sun fi yawa a jihohin arewa da ƙauyuka, kuma tsakanin magidanta da waɗanda ba su yi nisa a karatun boko ba.

Ba dare ɗaya aka kai nan ba. Gwamnati ta hana tallar taba tun 1982. A 2004 Gana ta amince da yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba, a 2006 kamfanin British American Tobacco ya rufe masana'antarsa ta Takoradi, tun daga nan ake shigo da sigari daga waje. Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012, mai lamba 851, ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a sai inda aka keɓe, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. A 2018 aka fara buga hotunan gargaɗi a jikin kwali, rabin fuskarsa ta gaba da kashi 60 cikin 100 na bayansa. A 2023 aka sauya harajin ya haɗa da fesuwa 28 a kan kowane kara (fesuwa 100 ne sidi ɗaya, kuɗin Gana). Ban da doka, akwai kunya: a yawancin gidajen Gana, na Musulmi da na Kirista, ana ɗaukar mai kunna sigari a gaban manya marar tarbiyya.

Inda dokar ke da ɓaraka shi ne teburin mai kanti. An hana sayar da sigari kara-kara, amma haka ake sayar da ita kusan ko'ina, kuma wanda ya sayi kara ɗaya bai ga hoton gargaɗin ba, tsadar kwali ma ba ta taɓa shi ba. Akwai kuma sigarin fasa-ƙwauri mai araha da ke shigowa ta iyakar Togo.

Matasa sun juya zuwa shisha da sigarin lantarki. A binciken ɗaliban ƙaramar sakandare na 2017, masu shan sigari ba su kai 3 cikin 100 ba, masu zuƙar na lantarki sun fi su yawa, kuma 'yan mata sun fi samari shan shisha. Abin da ke ruɗin su ƙamshin 'ya'yan itace ne da tunanin cewa ruwan tulun yana tace guba. Ruwan yana sanyaya hayaƙin ne kawai, wanda hakan ke sa a ja shi can cikin huhu, ga gubar hayaƙin gawayi a kai, ga zaman da kan kai awa guda ana miƙa wa juna baki ɗaya. Garin taba na dattawa, na shaƙa ko na dasashi, shi ma ba a cika lissafa shi cikin shaye-shaye ba, alhali kanwar da ake haɗa shi da ita tana sa nikotin ya fi saurin shiga jini, kuma yana jawo ciwon dasashi da dajin baki.

Barasa

A binciken na 2023, fiye da mutum ɗaya cikin biyar ya ce ya sha barasa a watan da ya gabata, maza sun ninka mata. Giyar kwalba tana fitowa daga kamfanoni irin su Accra Brewery, wanda aka kafa a 1931, da Guinness Ghana mai masana'anta a Kumasi da Achimota. Ta gargajiya kuwa akwai bammi a kudu, fito da burkutu na dawa a arewa, sai akpeteshi wanda ya fi su duka ƙarfi.

Akpeteshi ana yin sa ne da bammi ko ruwan rake. A bar shi ya yi tsami a duro, a tafasa, tururin ya bi ta bututun tagulla da aka nutsa cikin ruwan sanyi, ya ɗigo a matsayin barasa mai ƙarfin kashi 40 zuwa 50 cikin 100. Turawan mulkin mallaka sun haramta shi a shekarun 1930, aka halatta shi a 1962. Da yake babu mai auna ƙarfinsa ko duba tsabtar duron da bututun, mai sha bai san abin da ya shiga cikinsa ba.

Babban sauyin da aka samu daga shekarun 1990 zuwa yau shi ne bitas, wato barasa mai ƙarfi da aka jiƙa da saiwoyi da ɓawon itace, irin su Alomo da Adonko, da kuma ƙananan ledoji masu arha. Mutane da yawa suna ɗaukar bitas a matsayin maganin buɗe ciki ko ƙarin ƙarfin namiji, ba giya ba. Lissafin kuwa a fili yake: leda mai mililita 50 ta barasa mai ƙarfin kashi 40 tana ɗauke da wajen giram 16 na tsantsar barasa, babbar kwalbar giya mai mililita 625 tana da wajen giram 25. Leda biyu, waɗanda ke shiga aljihun riga a shanye cikin minti ɗaya, sun wuce kwalba guda.

An ƙaddamar da manufar ƙasa kan barasa a 2017. Hukumar Kula da Abinci da Magunguna, FDA, ta taƙaita tallar barasa a rediyo da talabijin zuwa tsakanin ƙarfe 8 na dare da 6 na safe, ta kuma hana fitattun mutane yin tallar. An kai ƙara kan wannan hanin, Kotun Ƙoli ta tabbatar da shi a Yunin 2024.

A zango ba a shan barasa a fili. Mai sha yakan tsallaka wata unguwa, iyalinsa kuma su yi ta rufa masa asiri, shi ya sa sau da yawa ba ya isa asibiti sai hanta ta kumbura.

Wiwi da hodar iblis

Wiwi ita ce haramtacciyar da aka fi sha a Gana, kuma a cikin ƙasar ake noma ta, a yankunan Volta da Bono da Ashanti da jihar Gabas. Masana tarihi suna danganta yaɗuwarta da sojojin da suka dawo daga Indiya da Bama bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da ma'aikatan jiragen ruwa. Yanzu har cikin alewa da biskit da abin sha ake sa ta. Wadda aka ci ta baki takan ɗauki rabin awa zuwa awa biyu kafin ta fara aiki, sai mai ci ya ɗauka ba ta kama shi ba ya ƙara, ta taru ta buge shi da firgici da ruɗewa.

Masu safarar hodar iblis da hiroyin sun mayar da Gana hanyar kai kayansu Turai, kamar yadda badaƙalar jirgin ruwan MV Benjamin ta 2006 ta nuna, lokacin da ƙunshin hodar 76 cikin 77 suka ɓace. Abin da ya zube a hanya shi ake sayarwa a gidajen shaye-shaye na Akra da Tema da Kumasi.

Tiramol da Red

Tiramadol, wanda ake kira tiramol, maganin ciwo ne na gaskiya, likita ke rubuta shi bayan tiyata ko karaya. Ƙarfin da FDA ta amince da shi na ƙwaya miligiram 50 da 100 ne, kuma babban mutum ba ya wuce miligiram 400 a yini. Wanda ke yawo a kasuwar bayan fage mai 120 ne, da 225, da 250. Ƙwaya biyu na 225 sun riga sun haura iyakar yini guda, kuma wanda ya saba yakan sha huɗu ko biyar, sau da yawa a narke cikin lemon ƙara kuzari.

Masu sha ba 'yan zaman banza ba ne kaɗai. Akwai masu okada da babura masu ƙafa uku da ake kira aboboya da pragya, yaran mota, leburorin gini, masu dako a kasuwannin Kejetia da Agbogbloshie, da 'yan galamse masu haƙar zinariya. Dalilansu sanannu ne: a yi aiki daga asuba zuwa dare ba gajiya, a daɗe wajen jima'i, a cire tsoro, a manta da damuwa. Abin da ya ba ƙwayar hanya a zango shi ne ba ta da wari, kuma kamar magani take. Saurayin da ba zai taɓa kwalbar giya ba saboda haramci da idon jama'a zai haɗiye ta a majalisar ataya, ya tashi ya bi sahun sallah, babu wanda ya gane. Iyaye kan farga ne daga baya, in sun ga rama, da soshe-soshe, da gyangyaɗi a tsakiyar magana, da kwana biyu ko uku ba bayan gida, ko ranar da yaro ya faɗi yana shure-shure.

Faɗuwar nan tana da dalili. Tiramol aiki biyu yake yi a ƙwaƙwalwa: yana kashe zafi irin na dangin mofin, yana kuma tayar da sinadaran da ke motsa jijiyoyi. Na farkon yana rage numfashi, na biyun yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, har ga wanda bai taɓa yin ta ba. In aka haɗa shi da barasa ko maganin barci, numfashi na iya tsayawa mutum yana kwance.

A 2018 Ministan Lafiya ya fitar da umarni biyu, masu lamba 167 da 168, ɗaya ya hana maganin tari mai kodin, ɗaya ya tsaurara shigo da tiramol da sayar da shi. Da aka matsa nan, sai 'yan kasuwar suka koma wata ƙwayar, wadda matasa ke kira Red ko 225. Haɗin tapentadol ce, wanda ya fi tiramol ƙarfi, da carisoprodol mai saki jijiyoyin nama, wanda aka dakatar da shi a Turai saboda kama mutum da yake yi. Babu ƙasar da ta amince da wannan haɗin a matsayin magani. Shi ne ke sa a ga saurayi a tsaye ya sunkuya, barci ya ɗauke shi a bakin titi. A Fabrairun 2025 binciken BBC ya gano wani kamfanin magunguna na Mumbai da ke aiko da shi Afirka ta Yamma da sunaye irin su Tafrodol, Indiya ta hana yin haɗin da fitar da shi, gwamnatin Gana kuma ta ƙaddamar da gangamin Red Means Stop. Wani ɓangare na kayan yana shigowa ta tashar Tema da takardun wucewa zuwa Nijar, wani ta kan iyakokin ƙasa. Masu shagon magani na unguwa, waɗanda lasisinsu na ƙananan magunguna ne, ba su da izinin sayar da ko tiramol na halal.

Doka da magani

A ƙarƙashin dokar 1990, wanda aka kama da ƙwaya ko wiwi ɗaurin shekara 10 ne mafi ƙaranci, wanda aka samu da laifin sha shekara 5. Doka mai lamba 1019 ta 2020 ta kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NACOC, ta mayar da hukuncin wanda ya riƙe don shan kansa tara ta sidi 2,400 zuwa 6,000, in ya kasa biya a ɗaure shi har wata 15. Ci gaba ne, amma ga yaron mota tarar ba ta da bambanci da ɗauri. Sashen dokar da ya ba da damar noman wiwi marar bugarwa, wadda sinadarin THC ɗinta bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba, Kotun Ƙoli ta soke shi a 2022, Majalisa ta maido da shi a 2023. Bai halatta shan wiwi ba, ko da yake mutane da yawa haka suka fahimta.

Wajen magani ne aka fi baya. Asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati uku ne, na Akra da Pantang da Ankaful, duka a kudu. Asibitin Korle Bu a Akra yana da sashen masu fama da jaraba, asibitin Komfo Anokye a Kumasi yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, sauran sai gidajen gyaran hali na coci da na masu zaman kansu. Iyalai da yawa wajen malami ko sansanin addu'a suke fara zuwa. Addu'a da nasiha suna ƙarfafa mai son dainawa, amma ɗaure shi da mari ba ya cire jaraba, kuma yankewa lokaci guda na da haɗari. Wanda ya daɗe yana shan barasa kullum, in ya tsaya kwatsam, kamar yadda wasu ke yi a farkon azumi, makyarkyata kan fara cikin awa 6 zuwa 24, jijjiga da gane-gane su biyo baya cikin kwana ɗaya zuwa uku, kuma wannan na iya kisa. Mai tiramol kan yi kamar mako guda yana fama da zufa da gudawa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci, don haka a hankali likita ke rage masa. Wanda ya daina na wasu makonni ya koma kan adadin da ya saba a da, shi ya fi kowa kusa da mutuwa, domin jikinsa ya daina jurewa.

In aka tarar da mutum ya sume, numfashinsa na ja a hankali, ƙwayar idonsa ta tsuke, a kwantar da shi ta gefe, a kira lambar gaggawa ta 112 ko a garzaya da shi asibiti tare da fakitin abin da ya sha. Kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwan gishiri, domin suna iya bi ta huhu. Mai jijjiga kuma ba a danne shi, ba a cusa masa cokali a baki, a dai kawar da abin da zai ji masa rauni. Allurar naloxone tana dawo da numfashin wanda tiramol ko tapentadol ya danne, amma ba ta karya carisoprodol, kuma aikinta kan ƙare kafin na ƙwayar, shi ya sa ake riƙe mai Red a asibiti ana lura da shi ko da ya farfaɗo ya ce zai tafi gida.