Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar

Aloma Mariam Mukhtar, wadda aka haifa ranar 20 ga Nuwamba 1944, ita ce mace ta farko daga Arewacin Najeriya da ta zama lauya, mace ta farko da ta zauna kujerar alƙalin Babbar Kotun Jihar Kano, kuma mace ta farko da ta riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Najeriya.

Ta yi karatun farko a Zariya, har da makarantar St. Bartholomew da ke Wusasa, sannan ta tafi Ingila ta karanci shari'a. An rantsar da ita lauya a Ingila a 1966, a Najeriya kuma a 1967. Ta fara aiki a Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Arewa, ta zama majistare a Jihar Arewa Maso Gabas a 1971, sannan Babbar Magatakardar kotunan Jihar Kano a 1973. A watan Janairu 1977 aka naɗa ta alƙalin Babbar Kotun Kano. Shekara goma ta yi a can, a matakin da alƙali ke sauraron shaidu da kunnensa, ya rubuta bayaninsu da hannunsa, ya tantance hujjar da doka ta yarda a karɓa. Ta koma Kotun Ɗaukaka Ƙara a 1987, ta isa Kotun Ƙoli a 2005.

Hukuncin da ya fi fito da ita shi ne na ƙarar da Janar Muhammadu Buhari na jam'iyyar ANPP ya shigar kan zaɓen shugaban ƙasa na 2007, wanda INEC ta ce Umaru Musa 'Yar'aduwa ya lashe. Sashe na 45(2) na Dokar Zaɓe ta 2006 ya wajabta a ɗinke takardun ƙuri'a cikin littattafai, kowace da lambarta a jere. An yi wancan zaɓen da takardun da ba su da irin wannan lamba. Amfanin lambar a bayyane yake: da ita ake sanin takarda nawa aka kai kowace rumfa, nawa aka kaɗa, nawa suka rage. In babu ita, ba yadda za a bambance ƙuri'ar gaske da wadda aka cusa a akwati. Ranar 12 ga Disamba 2008 alƙalai bakwai suka rabu huɗu da uku. Masu rinjaye, Idris Kutigi, Aloysius Katsina-Alu, Niki Tobi da Dahiru Musdapher, sun dogara da sashe na 146 na wannan doka, suka ce mai ƙara bai nuna cewa saɓa dokar ya sauya sakamakon ba. Ita da George Oguntade da Walter Onnoghen suka ce saɓawar ta taɓa tushen zaɓen kansa, don haka ya kamata a soke shi. Ra'ayin marasa rinjaye ba ya zama doka, amma hujjarsu tana da ƙarfi, domin neman mai ƙara ya tabbatar da yawan ƙuri'un bogi bayan an cire abin da ake ƙirga su da shi nauyi ne mai wuyar ɗauka.

Shugaba Goodluck Jonathan ya rantsar da ita Alƙalin Alƙalai ranar 16 ga Yuli 2012, bayan ritayar Musdapher. A gaban Majalisar Dattawa, lokacin tantance ta, ta amsa a fili cewa akwai cin hanci a ɓangaren shari'a. Muƙamin ya ba ta shugabancin Majalisar Shari'a ta Ƙasa, NJC, mai ladabtar da alƙalai, kuma a nan aka ga aikinta. A Fabrairu 2013 NJC ta ba da shawarar yi wa Charles Archibong na Babbar Kotun Tarayya da Thomas Naron na Babbar Kotun Filato ritayar dole. Bayan wata biyu ta dakatar da Abubakar Talba na Babbar Kotun Abuja tsawon shekara guda, saboda ya ba John Yakubu Yusuf, wanda ya amsa laifin satar biliyoyin naira na kuɗin fanshon 'yan sanda, zaɓin biyan tarar naira 750,000 maimakon ɗauri.

Aloma Mukhtar ta sha suka a Nuwamba 2012, lokacin da ta ƙi rantsar da Ifeoma Jombo-Ofo a Kotun Ɗaukaka Ƙara saboda ƙorafin cewa an naɗa Jombo-Ofo a gurbin Jihar Abiya, jihar mijinta, alhali ita 'yar asalin Anambra ce. Majalisar Dattawa ta sa baki, daga baya aka rantsar da ita.

Aloma Mukhtar ta yi ritaya ranar 20 ga Nuwamba 2014 da cikarta shekara 70, kamar yadda tsarin mulki ya tanada, Mahmud Mohammed ya gaje ta.