Me ya sa roba take saki a hankali idan ta daɗe ƙarƙashin nauyi?

Wane irin saki ake nufi?

Idan aka ɗora wa roba nauyin da ba ya canjawa, kamar yadda injin mota yake zaune a kan robobin da ke riƙe da shi, nan take za ta lotsa, sannan ta ci gaba da lotsawa kaɗan-kaɗan har tsawon shekaru. Dalili shi ne robar da ake samu daga ƙaron itace dogayen zaruruwa ce masu sarƙe da juna, kuma nauyi yana sa su warware suna zamewa.

To, mene ne amfanin dafa ta da farar wuta?

Wannan dabara, wadda Charles Goodyear ya gano a Amurka a 1839, tana ɗaure zaruruwan da juna a wurare da dama, su koma kamar ragar kamun kifi. Ɗanyar roba za ta yi ta zamewa babu iyaka, amma dafaffiya takan saki iya abin da ƙullin ya yarda, kuma yawan ƙullin yana rage saurin sakin.

Ashe ke nan a yawaita farar wutar?

A'a. Robar yau da kullum takan ɗauki kashi 2 zuwa 3 ne a kan kowane kashi 100, kuma idan aka kai wajen kashi 30 sai ta sandare, ta daina miƙewa. Irin ƙullin ma abin dubawa ne, kuma a ganina nan ne aka fi yin sakaci. Ƙullin da ke da ƙwayoyin farar wuta da yawa a jere yana ba roba juriyar lanƙwasa, amma zafi yana tsinka shi, ya sake ɗaurewa a wani wuri alhali robar tana a danne, shi ya sa ba ta komawa siffarta ko an ɗauke nauyin. Gajeren ƙulli mai ƙwaya ɗaya ya fi jure zafi.

Shin zafin Maradi yana da hannu a ciki?

Ƙwarai kuwa. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40, iskar da muke shaƙa tana saurin cin zaruruwan da ƙullinsu. Sakin da zamewar zaruruwa ke kawowa yana raguwa da tafiyar lokaci, amma na cin iska ba ya lafawa, don haka bakaniken da ya ga robar inji ta lotse ta yi tsage-tsage ya fi kyau ya canja ta.