Matsin inji: wanda ke takarda da wanda fistan ke yi

Me ya sa ake maganar matsi iri biyu?

Wanda ke rubuce a littafin mota, misali 11:1, wato a matse kashi 11 na iska da fetur ya koma kashi ɗaya, an auna shi ne kamar fistan na fara matsa iska da fetur tun daga can ƙasan silinda. A zahiri ba haka ake yi ba. Fistan zai kama hanyar sama, bawul ɗin shan iska kuwa yana nan a buɗe. Sai ya rufe matsi ke farawa. Matsin aiki shi ne wanda aka lissafa daga wurin da bawul ya rufe, kuma kullum yana ƙasa da na takarda.

Yaya ake lissafa shi?

A ɗauki injin Honda K20: faɗin silinda milimita 86, tafiyar fistan 86, tsawon kwan rod, wato sandar da ke haɗa fistan da karanshaf, 139. Kowace silinda na shan kusan cc 500. Idan matsin takarda 11:1 ne, sararin da ya rage a sama cc 50 ke nan.

A kira rabin tafiyar fistan r, wato 43, kwan rod L, sannan digirin da bawul ke rufewa bayan fistan ya bar ƙasa a kira shi A. Tafiyar da ta rage ita ce r(1 + cos A) + L − √(L² − r² sin² A).

Bawul da ya rufe a digiri 60 zai bar milimita 69.6, wato cc 404. A haɗa da 50, a raba da 50, sai a samu 9.1:1. Sa kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul (kam a taƙaice), babba wanda ke rufe bawul a digiri 75, tafiyar ta koma 60.5, matsin ya sauka zuwa 8:1. Shi ya sa motar da aka sa wa babban kam ba tare da ƙara matsin takarda ba take sanyin jiki wajen tashi, sai ta hau hanyar Kano ta miƙe take farkawa.

Wane digiri zan ɗauka a takardar kam?

Nan mutane ke faɗawa rami. Wasu masu ƙera kam suna ba da digirin lokacin da bawul ke buɗe da inci 0.050, wasu milimita 1. A wannan lokacin bai zauna ba tukuna. Ɗauki na zaman bawul. K20 kuma yana da VTC mai juya kam ɗin shan iska, don haka a lissafa a ƙarshen juyawar biyu.

An sassake kan silindata bayan ta yi zafi. Da matsala?

Sosai. Rabin milimita a silinda mai faɗin 86 na cinye kusan cc 3, matsin takarda ya tashi daga 11 zuwa wajen 11.6. Wannan ya fi damuna, don aikin yau da kullum ne a garejin Sabon Gari da Kwangila, kuma ba kasafai ake sake awo ba. Malam, roƙi bakanikenka ya auna sararin da sirinji da faifan gilashi, ya haɗa da kaurin gasket.

Nawa ne ya dace a Zariya?

Masu haɗa inji da yawa na tsayar da matsin aiki tsakanin 7.5 da 8.5 idan fetur na gidan mai za a sha. Zariya na sama da mita 600 daga teku, iskarmu ta fi ta Legas sauƙi, wannan na ɗan rage haɗarin matsi ya yi wa fistan yawa. Amma zafin Maris da Afrilu na mayar da shi, ga fetur da ba kullum yake zuwa iri ɗaya ba. Ni dai ba zan wuce 8.2 ba. Idan ka ji ƙara kamar tsakuwa a gwangwani lokacin da ka taka totur, ɗaga ƙafa, ka koma a ja tayimin wutar fulogi baya kafin fistan ya huje.