Wai mene ne otogiraf, kuma me ya sa wasiƙa ɗaya ta George Washington ta haura dala miliyan 3?

Yawancinmu in aka ce otogiraf abin da ke faɗo mana a rai shi ne ɗan ƙwallo ko jarumin fim ya karɓi biro ya ɗan rattaba hannu a jikin riga, a ɗau hoto a watse. To wannan ma otogiraf ne, amma a wajen masu tara tsofaffin takardun shugabannin Amurka na farko kalmar ta wuce nan. Asalinta daga Girkanci take, ma'anarta abin da mutum ya rubuta da hannunsa, wato ba sa hannun da ke ƙasan takarda kaɗai ba, har rubutun gaba ɗayansa in dai alƙalamin mutumin ne ya bi ta kai. Kuma a nan ne duk cinikin yake, abin da ake tambaya kafin komai shi ne nawa ne daga cikin takardar nan hannunsa ya taɓa.

Bari mu ɗauki George Washington tunda shi ne shugabansu na farko, ya yi mulki daga 1789 zuwa 1797. In ka buɗe kundin gwanjo za ka ga wasu 'yan haruffa a gaban kowace takarda kamar lambar mota, in baka san su ba sai ka ɗauka ado ne. ALS ita ce sarauniya, wasiƙa ce da shi da kansa ya zauna ya rubuta tun daga gaisuwa har ƙarshe sannan ya sa hannu. LS kuwa magatakarda ne ya rubuta shi kawai aka miƙo masa ya rattaba hannu, kuma irin wannan suna da yawa sosai daga lokacin yaƙin neman 'yanci na 1775 zuwa 1783 don mutumin da ke jan ragamar soja ina ya ga lokacin zama yana rubuta kowace wasiƙa, yaransa ne ke yi, cikinsu har da Alexander Hamilton wanda daga baya ya zama sakataren baitulmali na farko, kaga kenan wani lokacin rubutun yaron gidan ma kuɗi ne. Sai DS, takardar aiki ce mai sa hannunsa, sau da yawa an buga ta a inji an bar gurbin suna da kwanan wata, misali takardun sallamar sojoji na 1783 waɗanda Washington ya sa wa hannu ɗaya bayan ɗaya, ko tikitin wata caca ta 1768 da aka shirya don tara kuɗin gina hanya, shi ma akwai hannunsa a kai. Akwai kuma sa hannun da ke bayan wasiƙa a madadin kuɗin gidan waya, don a lokacin an yarje wa wasu manya su rubuta sunansu kawai wasiƙa ta tafi kyauta.

Amma ko a cikin ALS ɗin ma ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Wasiƙar da ya rubuta yana tambayar irin shuka ko yana cewa na gode da saƙo daban, wadda ya buɗe cikinsa a kan makomar ƙasa daban. A watan Nuwamba 1787 ya rubuta wa ɗan ɗan'uwansa Bushrod Washington wasiƙa yana kare sabon kundin tsarin mulkin da aka gama tsarawa a Filadelfiya ana ta jayayya a kansa, wannan wasiƙar gidan gwanjo na Christie's ya sayar da ita a Disamba 2009 a kan dala miliyan 3.2. Takarda ce fa, amma abin da aka saya shi ne mutumin yana magana da bakinsa a daidai lokacin da abin ke faruwa.

Wani abin da ke ɗaure wa sabon shiga kai shi ne shahara ba ita ke yanke farashi ba ita kaɗai. Mutum 56 ne suka sa hannu a takardar shelar 'yancin Amurka ta 1776, kuma tun ƙarni na 19 masu wannan harka suka ɗora wa kansu burin haɗa hannun duka 56 ɗin. To akwai wani Button Gwinnett wakilin jihar Jojiya a cikinsu da ba kowa ya san shi ba ko a can, shekara guda bayan shelar wato 1777 suka yi fito-na-fito da bindiga da abokin gabarsa Lachlan McIntosh, Gwinnett ɗin ya ji rauni ya mutu, bai bar takardu da yawa ba, sa hannunsa da aka sani a duniya bai wuce 51 ba kuma akasarinsu suna ɗakunan karatu ba za su taɓa fitowa kasuwa ba. Shi ya sa a 2010 wata wasiƙa mai hannunsa ta tashi dala 722,500 a gidan gwanjo na Sotheby's, kuɗin da zai saya maka takardun Washington na yau da kullum da dama. Ni dai abin na bani dariya, mutum ya fi daraja don ya mutu da wuri.

Inda kuɗi yake kuma ai ba a rasa ɗan damfara. Robert Spring wani Bature ne ɗan Ingila da ya zauna a Filadelfiya a ƙarni na 19, ya ƙware a kwaikwayon hannun Washington, yana yanko farar takarda daga tsofaffin littattafai ya yi rubutu a kai don ta yi kama da ta zamanin, har yau kayansa na yawo kuma abin mamaki yanzu su ma akwai masu sayensu da sanin cewa na bogi ne. Don haka masana ke duba takardar ko ta tsumma ce irin ta wancan lokacin, su ɗaga ta a haske su ga tambarin da ke cikinta, su duba tawada don tasu ta da tana komawa ruwan ƙasa in ta tsufa har ta ɗan ci takardar. Sannan su bi tarihin hannayen da ta ratsa, daga wa zuwa wa, kusan yadda malamai ke bin isnadi, in aka samu giɓi a tsakiya farashi ya faɗi. Kuma ba duk hannun da ba na mai shi ba ne damfara, takardun mallakar fili shugabannin farko da kansu suke sa wa hannu har sai 1833 lokacin shugaba Andrew Jackson da majalisa ta yarda sakatare ya riƙa sa wa a madadin shugaba, to mutane da yawa na riƙe da irin na bayan nan a gida suna zaton sun yi arziki.

Wanda ya fi ƙona min rai a labarin nan ba ma ɗan damfara ba ne, malamin tarihi ne. Jared Sparks, wanda daga baya ya shugabanci jami'ar Harvard, shi aka damƙa wa takardun Washington don ya tsara su ya buga, a ciki akwai daftarin jawabin kama mulki mai shafi 73 da Washington ya rubuta da hannunsa amma bai karanta ba. Mutane suka dame shi da roƙon a ba su ko ɗan guntun rubutun Washington, shi kuwa da ya ga ai ba a yi amfani da jawabin ba sai ya riƙa ɓalle shafukan yana rabawa, da suka fara ƙarewa ya koma yanka su da almakashi gida-gida. Har yanzu guntayen na ɓullowa jefi-jefi a gwanjo, wani shafi guda wani layi biyu uku, masana na ta jera su suna neman inda wannan jimla ta haɗu da waccan, kuma mafi yawan jawabin ba a gano shi ba.