Juyen baƙin mai a babur sukuta

Juyen baƙin mai, ko juye a taƙaice, shi ne zubar da tsohon man da ke cikin injin babur a zuba sabo a madadinsa. A babur ƙirar sukuta, wato mai shimfiɗaɗɗen wurin ajiye ƙafa wanda ba a sa masa giya da hannu ko da ƙafa, aikin bai cika wuce rabin awa ba, kuma mai babur na iya yin abinsa a tsakar gida da kayan aiki kaɗan. A Yamai, inda ma'aikata da ɗalibai da mata da yawa ke hawan irin wannan babur, akasarin mutane gareji suke kaiwa ko su tsaya wurin masu gyara na bakin hanya. Duk da haka akwai masu yi da hannunsu, wasu don rage kuɗi, wasu don su ga abin da ya shiga injinsu da idonsu.

Irin injin da ake magana a kai

Juye ya shafi inji mai bugu huɗu ne, wanda mansa ke taruwa a ƙasan inji, famfo na tura shi sama yana dawowa. Tsofaffin Vespa, ƙirar da kamfanin Piaggio na Italiya ya fara fitarwa a 1946, masu bugu biyu ne: ana haɗa musu mai da fetur, sau da yawa kashi 2 cikin 100, su ƙone tare, don haka man giya kawai ake juye musu.

Yawancin sukutocin da ake shigowa da su daga Sin suna ɗauke da injin da ake kira GY6, wanda asalin ƙirarsa ta Honda ce tun shekarun 1980. Ana gane shi ta lambar da aka buga a jikinsa: 139QMB ga inji mai girman cc 50, 152QMI ga mai cc 125, 157QMJ ga mai cc 150. Abu biyu ne suka sa juye ya fi muhimmanci a wannan inji fiye da na mota. Man da yake ɗauka bai kai lita ɗaya ba, yawanci tsakanin lita 0.7 da 0.9 ne, alhali ƙaramar mota na shan lita 3 zuwa 4. Sannan ba shi da matacin mai na takarda, ƴar rariyar waya ce kawai da ke tare manyan ɓurɓushi. Duk dattin da ya fi ƙarfin idon rariyar yana nan cikin man yana zagayawa, har ranar da aka juye.

Zafi da ƙura

Iska ce ke sanyaya yawancin waɗannan injuna, ta hanyar fanka da ke juyawa tare da injin. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a Yamai kan haura digiri 40, kuma babur ɗin da ya maƙale a cunkoson gadar Kennedy ko kewayen Babbar Kasuwa fankarsa a hankali take juyawa, iskar da take hurawa ma mai zafi ce. Mai idan ya sha zafi yakan tsinke, wani ɓangarensa ya ƙone ya ragu. Da hunturu kuma, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura ce ke addabar inji. A unguwannin da babu kwalta ƙafar baya na tayar da rairayi daidai bakin matacin iska, abin da ya tsallake matacin kuwa cikin mai yake ƙarewa, ya riƙa goge fistin da ringi kamar ana cuɗa su da yashi.

Saboda haka adadin kilomita da ke cikin littafin babur, wanda a sababbin ƙirar Japan kan kai 4000 ko sama, bai dace a bi shi ido rufe ba. Littattafan da kansu sukan ce a rage tazara inda ake da ƙura. Masu gyara da dama kan ba da shawarar juye a kowane kilomita 1000 zuwa 1500, kuma ga inji maras matacin kirki wannan ba ɓarna ba ce. Sabon babur ana yi masa juyen farko da wuri, tsakanin kilomita 300 da 1000 gwargwadon ƙira, domin a lokacin ne ƙarafa ke cin juna suna zubar da gari. Wanda agogon kilomitansa ya mutu, kuma irinsu ba kaɗan ba ne, sai ya koma lissafi da wata, yana duba ma'auni, wato ɗan sandan da ke nuna yawan man da ke cikin inji, kowane mako.

Zaɓen mai

Lambobi irin su 10W-40, 15W-40 da 20W-50 ma'aunin kauri ne na ƙungiyar SAE ta Amurka. Lambar farko na nuna yadda man ke gudu da sanyi, ta biyu kuma kaurinsa idan inji ya ɗau zafi. A ƙasa irin Nijar ta biyun ce abin dubawa. Littattafan GY6 sun fi ambaton 10W-40 ko 15W-40, masu tsofaffin injuna da suka fara shan mai kuwa sukan koma 20W-50. Sababbin sukutocin Honda da yawa 10W-30 aka rubuta musu, kuma zuba musu mai kauri don kawai ana zafi ba gwaninta ba ce.

Akwai wata alama da ake yawan tsallakewa, ta JASO, ma'aunin da Japan ta kafa wa man babura a 1998. Mai alamar MA na baburan da kulocinsu ke jiƙe cikin man inji ne, irin su Bajaj Boxer da sauran masu giya. Mai alamar MB ya fi santsi, an yi shi ne don sukuta, wanda kulocinsa busasshe ne yana can baya tare da bel. Sukuta zai iya shan MA ba tare da wata illa ba. Amma a zuba MB a babur mai giya, kuloci zai fara zamewa. Wannan ya shafi gidan da ake da babur iri biyu ana sayen galan guda a raba.

Matatar SORAZ ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011, fetur da gazuwal da gas ɗin girki take fitarwa, baƙin mai kuwa daga waje yake shigowa. Ana samunsa a gidajen mai da shagunan kayan babur cikin roba mai hatimi, ana kuma samun na awo da ake ɗura wa tsofaffin kwalabe a bakin hanya. Na awon ya fi araha, sai dai babu yadda mai saye zai san kaurinsa ko asalinsa. Matsakaicin mai na gaskiya da ake juyewa a kan kari ya fi mai tsada da aka bari ya kwana biyu a inji.

Yadda ake yi

Kayan da ake buƙata su ne sifana mai zobe ko soket, yawanci lamba 17, da mazurari, da tsumma, da tsohon kwano ko galan da aka yanke gefensa. A kafa babur a ƙafarsa ta tsakiya a wuri mai daidai, inda iska ba ta kwaso rairayi. A tayar da inji minti 3 zuwa 5 don man ya saki jiki, a kashe, a ɗan jira. Wanda ya dawo daga doguwar tafiya ya bari ya huce sosai, domin salansa da man duka suna ƙuna.

Kafin a buɗe komai a goge kewayen murfin ma'auni da notin juye. Wannan gogewar ita ce yaran gareji suka fi mantawa, kuma ƙwayar yashi guda da ta faɗa ta bakin zuba mai ta shiga ke nan. A cire ma'aunin don iska ta samu hanya, a tara kwano, a kwance notin da ke ƙasan inji. Ana kwance shi ne akasin tafiyar hannun agogo idan ana fuskantar kansa, wanda ya sunkuya ta sama yana laluben ƙasa kuwa sau da yawa hannunsa kan juya baibai, ya ɗaure a maimakon ya kwance. Zagayen ƙarshe da yatsu ake yi, ana danne notin, sannan a janye hannu da sauri. Akwai ɗan zoben alminiyom a wuyansa da kan faɗa cikin kwano, a nemo shi.

Yayin da man ke tsiyaya sai a buɗe murfin rariya. Akwai sifirin a bayansa da ke turo shi, don haka murfi da sifirin da rariya kan zubo tare. A lura da yadda suka fito, domin haka za su koma. A wanke rariyar da kananzir ko ɗan fetur, nesa da wuta, a bar ta ta bushe, a duba zoben robar murfin ko ya tsage.

Wurin ɗaurewa ne aka fi yin ɓarna. Notin ƙarfe ne, jikin injin kuwa alminiyom, mai laushi. A fara murɗa shi da yatsu har ya zauna, idan ya cije tun farko to ya hau a karkace, a kwance a sake. Ƙarfin da ake so bai wuce nitan-mita 20 zuwa 25 ba, wato jan hannu ɗaya da gajeriyar sifana. Sa bututu a ƙara tsawon sifana ko takawa da ƙafa shi ke cinye haƙoran ramin, daga nan sai ɗigo, sai neman mai sake yanka haƙora. Zoben alminiyom idan ya baje a sa sabo, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

A zuba man da mazurari, ƙasa kaɗan da abin da aka rubuta, kada a juye robar lita guda dukanta. A tayar da inji minti biyu, a kashe, a jira ya kwanta, a auna. A GY6 da yawancin Honda ana ɗora ma'aunin ne a bakin ramin ba tare da an murɗa shi ba, a sababbin Vespa kuwa sai an murɗa shi har ƙarshe. Man ya tsaya tsakanin alama biyu. Idan ya yi yawa yakan yi kumfa, ya bi bututun numfashi ya jiƙa matacin iska, babur ya fara hayaƙi. Idan ya gaza kuwa inji na iya bugawa.

Man giya

Kusa da ƙafar baya akwai ɗan akwatin giya mai mansa daban, abin da bai wuce mililita 100 zuwa 130 ba, yawanci 80W-90. Ba kowane juye ake taɓa shi ba. Sabon hannu kan rikita notinsa da na inji, ya zubar da man giya, ya ƙara sabon mai a kan tsohon da ke cikin inji. Alamar ita ce ƙarancin abin da ya fito da kuma warinsa mai kama da na kibiritu.

Tsohon mai

Kafin a kawar da kwanon a kai shi rana a karkata. Baƙi kawai ba laifi ba ne, aikinsa ke nan. Ƙyalli kaɗan a juyen farko daidai ne, amma ɓurɓushin ƙarfe da yatsa ke ji a tsohon inji alamar lalacewa ce. Idan man ya koma ruwan madara, ruwa ya shiga, abin da kan faru da damina bayan an kutsa cikin ruwan da ya kwanta a titi, kuma a nan ba a jiran cikar kilomita. Warin fetur da tsinkewa na nuna kafireto na yoyo cikin inji.

Tsohon mai na ɗauke da ƙarafa masu guba da ragowar ƙuna, kuma yawan taɓa shi da fata na da haɗari, don haka a wanke hannu da sabulu, ba da fetur ba. Wasu na shafa shi a katako don gara, wasu na zuba shi a masai don wari, inda yake tsiyaya cikin ƙasa ya kai ga ruwan rijiya. Wanda aka zuba a kwata kuma ruwan sama na farko zai kwashe shi, a unguwanni da yawa ta kwarin Gunti Yena, ya kai shi kogin Kwara da birnin ke sha. Abin da ya fi shi ne a mayar da shi cikin robar da sabon ya fito, a rufe, a rubuta a jiki don kada yara su taɓa, a kai wa gareji ko gidan mai da ke tara shi a duro.